Tambaya da Amsa: Amsa Kiran Abokan Ciniki Daga Gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kula da ma'aikata 40 a wata cibiyar amsa kira, rabinsu suna aiki daga gida kwana uku a mako. Kowa yana da intanet mai sauri, wasu har megabit 50, amma kullum abokan ciniki suna ƙorafin murya na yankewa. Daga ina matsalar take?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ka daina duba sauri, ba nan gizo ke saƙar ba. Kira ɗaya a tsarin G.711 na mayar da murya bayanan kwamfuta kilobit 64 yake ci a sakan, idan aka haɗa da bayanan da ke yi masa rakiya ya kai wajen 90 zuwa, 90 dawowa. Ko megabit ɗaya ya ishe shi har da rara. Abin da murya ke buƙata shi ne layi mai natsuwa.

Manhajar kira tana yayyanka magana zuwa ƙananan ƙunshi, yawanci ɗaya a duk milisakan 20, wato 50 a sakan. Mai kallon bidiyo na'urarsa tana tara ajiya kafin ta nuna masa, don haka ba ya jin tangarɗar hanya. Hira kuwa ba ta jira. Ƙunshin da ya makara tamkar ya ɓata ne. Saboda haka abu uku za ka auna a gidan kowane ma'aikaci. Jinkirin tafiyar murya daga baki zuwa kunne kada ya wuce milisakan 150, wanda shi ne shawarar hukumar sadarwa ta duniya, ITU, a ƙa'idarta ta G.114, idan ya zarce haka sosai, mutane su fara katse juna. Bambancin lokacin isowar ƙunshi kada ya wuce milisakan 30, in ba haka ba murya ta koma kamar ta mutum-mutumi. Ƙunshin da ke ɓacewa a hanya kuma kada ya kai kashi 1 cikin 100. A yi gwajin a lokacin aiki, sa'ad da mutanen gida ke kan intanet, ba da tsakar dare ba.

Wanda muka fi kamawa da laifi shi ne Wi-Fi, musamman zangon gigahaz 2.4 da maƙwabta da na'urorin Bluetooth suke cunkoso a kai. A haɗa kwamfuta da rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, ta kebul. Wannan kaɗai yana kashe ƙorafi mai yawa, kuma muna ganin ya kamata kamfani ya mai da shi sharaɗi, ya kuma sayi kebul ɗin da kansa. Idan kebul ya gagara, a koma zangon gigahaz 5, a zauna ɗaki ɗaya da rautar.

Na biyu shi ne hanyar fita. Layukan gida da yawa sun fi ƙarfi wajen saukewa fiye da turawa, don haka wayar da ke ɗora hotuna a ma'ajiyar intanet tana iya toshe hanyar. Alamarsa ita ce ma'aikaci yana ji garau, amma abokin ciniki ba ya jin sa da kyau. A shiga saitin rauta a bai wa kwamfutar aiki fifiko. Tun da an shiga, a kashe abin da ake kira SIP ALG idan manhajarku da SIP, wato tsarin haɗa kira ta intanet, take aiki. An yi shi don taimako, amma sau da yawa shi ke sa murya ta tafi ɓangare ɗaya kawai ko kira ya tsinke bayan 'yan sakanni.

Sai VPN, wato killatacciyar hanyar da ke haɗa kwamfutar gida da ofis. Idan duk abin da kwamfuta ke aikawa sai ya bi ta ofis kafin ya isa ga dandalin amsa kira irin su Genesys Cloud, Five9 ko Amazon Connect, kun tsawaita wa murya hanya a banza. A raba hanyar: bayanan kamfani su bi VPN, murya ta tafi kai tsaye, dama a killace take da mabuɗin sirri. Haka ma idan ma'aikata na amfani da kwamfutar nesa irin ta Citrix, a saita sauti ya riƙa fita daga na'urar da ke gabansu. Hedfon kuma a ba su mai igiyar USB da makirufo mai tace hayaniya.

Tambaya: Kamfaninmu yana amsa kira a madadin wasu kamfanoni, kuma muna karɓar biya da kati. Shugabanmu yana son a kunna kyamara a kan ma'aikatan gida duk tsawon aiki don kada su kwafi lambar kati. Dabara ce mai kyau?

Amsa: Malama, ba mu goyi baya ba. Kyamara tana ganin fuska, ba ta ganin hannun da ke rubutu a ƙarƙashin tebur, kuma tana shiga sirrin iyalin da ba su ɗauki aiki da ku ba. Idan kamfaninku ko ma'aikatanku suna cikin ƙasashen Tarayyar Turai ma, dokar kare bayanan mutane ta GDPR da ta fara aiki a 2018 za ta buƙaci ku kawo hujjar cewa babu wata hanya mafi sauƙi.

Kuma akwai ta: kada lambar ta isa ga ma'aikaci kwata-kwata. Abokin ciniki ya danna lambobin a wayarsa, tsarin ya kama su ya miƙa wa mai sarrafa biya, ma'aikaci ya ji sauti iri ɗaya, ya ga alamar taurari a allo a maimakon lambobin, alhali hirarsu ba ta yanke ba. Ko a tura masa mahaɗin biya ta saƙo. Dakatar da naɗar murya a lokacin karanta kati bai isa ba, domin ma'aikaci ya riga ya ji, kuma ranar da ya manta bai dakatar da naɗar ba, lambobin tsaro na bayan kati sun shiga ma'ajiyarku, abin da ƙa'idar tsaron katin biya ta PCI DSS ta hana ajiyewa bayan an tabbatar da biya. Ku ƙara da kwamfutar kamfani mai rufaffiyar kafar USB, da shiga ta matakai biyu, da rufe asusun duk wanda ya bar aiki a ranar da ya tafi.

Tambaya: Me ya kamata ma'aikaci ya tanada saboda ɗaukewar wuta ko intanet?

Amsa: Batirin laftof yana riƙe kwamfuta, amma rauta tana mutuwa nan take, kira ya tafi da ita. Ƙaramin UPS, wato batirin ajiyar wuta, zai riƙe ta, don wutar da take ci ba ta cika wuce wat 10 zuwa 15 ba. A tanadi layi na biyu daga wani kamfanin sadarwa dabam, a gwada shi da kira na gaske sau ɗaya a wata. A ɓangaren ofis kuma, a saita tsarin ya cire ma'aikaci daga jerin masu karɓa da zarar ya kasa ɗaga kira, ya mayar da mai kiran gaban layi, don kada kira ya yi ta ruri a gidan da babu wuta.