Amsoshin Tambayoyinku: Saba mai tagogi ko baƙin allo?

Daga Garwa, wani malami mai kula da kwamfutocin makaranta ya rubuto game da saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima: "Mun sayi saba ta hannu, za mu ɗora mata Windows Server 2022 don kwamfutoci 18. Mai gyara ya ce in zaɓi Server Core, amma ni baƙin allon nan da ba a komai sai rubuta umarni tsoro yake ba ni. Wanne zan ɗauka?"

Malam, ka tsaya ka yi nazari kafin ka danna, domin tun daga fitowar Windows Server 2016, in ka zaɓa ba a iya sauyawa. Ka ɗora Core, daga baya ka ce tagogi kake so, to sai an goge an sake ɗorawa daga farko.

Tambayar da za ta raba gardama ita ce: me zai zauna a cikin sabar? Idan manhajar lissafin kuɗin makaranta ce ko ta sakamakon jarrabawa, irin wadda sai an buɗe taga an danna "na gaba" kafin ta shiga, ka ɗauki Desktop Experience, wato mai tagogi, kada ka wahalar da kanka. Yawancin irin waɗannan manhajoji ba sa tashi a Core. Idan kuwa aikinta rarraba fayil ne, da ba da adireshi ga kwamfutoci, da riƙe sunayen masu shiga, mai gyaranka ya yi gaskiya. Core ba ta cin ƙwaƙwalwa sosai, abubuwan da ake sabuntawa a cikinta kaɗan ne, kuma wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai sayen data.

Baƙin allon ma bai kai yadda kake zato ba. A Windows Server 2022, da ka shiga, SConfig, wato shafin saita sabar, zai buɗe da kansa da jerin lambobi. Ka danna 2 ka ba ta suna, 8 ka kafa mata adireshin da ba ya canzawa, 9 ka gyara agogo, 4 ka buɗe hanyar sarrafawa daga nesa, 6 ka sauko da sabuntawa. Shi ke nan, ka rufe ɗakin. Sauran aikin a kwamfutarka ta ofis za ka yi shi da linzami, ta Windows Admin Center, wanda kyauta ne kuma a Edge ko Chrome yake buɗewa. Kada ka ɗora shi a kan sabar da ke riƙe sunayen masu shiga, Microsoft ba ta yarda da hakan ba. Idan RSAT, wasu kayan sarrafa saba daga nesa, za ka yi amfani da shi, sai kwamfutar taka ta zama Windows Pro. Home ba ta karɓarsa, don haka ka duba kafin ka biya kuɗin laftof.

Agogon nan kada ka raina shi. Da zarar tazarar saba da sauran kwamfutoci ta wuce minti 5, za a fara ƙin karɓar kalmar sirri, kowa ya rasa dalili. A saba ta hannu sau da yawa ɗan batirin nan mai kama da kwabo ne ya mutu, CR2032. Ka canza shi tun ranar farko.

Daga Injamena, wani Alhaji mai shagon kayan gini: "Fayil kawai yarana za su riƙa ajiyewa wuri guda, mu 9 ne. An ce lasisin Windows Server da tsada. In saya, ko akwai mafita?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Lasisin Windows Server Standard ana lissafa shi da ƙwayoyin firosesa, mafi ƙaranci 16 ko da naka ba su kai ba, sannan kowane ma'aikaci ko kowace kwamfuta na buƙatar nata lasisin shiga, wato CAL. Akwai Essentials mai ɗaukar mutum 25 da na'ura 50 ba tare da CAL ba, amma tare da sabuwar saba ake sayar da shi. Ka yi hattara da wanda zai ɗora maka na gwaji ya karɓi kuɗinka: kwana 180 yake yi, bayan nan saba ta riƙa kashe kanta duk bayan awa guda. Wanda kuma ya kawo maka Windows Server 2012 R2, ka mayar masa, an daina toshe ɓarakarta tun Oktoban 2023.

Don aikin da ka faɗa, shawararmu Ubuntu Server 24.04 ce, wato wani nau'in Linux. Kyauta ce, ana kula da ita har 2029, kuma manhajar raba fayil mai suna Samba za ta sa kwamfutocin Windows su ga fayilolin kamar a cikinsu suke. Kada a ɗora mata tebur mai tagogi. A rubuta `sudo apt install cockpit`, sai ka buɗe adireshin sabar a burauza ka ƙara `:9090`. Nan za ka ga zirga-zirgar ƙwaƙwalwa, ka ƙara mutum, ka karanta rahoton matsala, duk da linzami. Abu guda ka ja wa yaronka kunne a kai: ya rubuta `sudo ufw allow OpenSSH` da `sudo ufw allow 9090` da `sudo ufw allow samba` kafin ya kunna katangar tsaro. Idan ya juya tsarin, zai kulle kansa a waje, sai ya ɗauki allo da kibod ya je gaban injin.

Kuɗin lasisin da ka tsira da shi, ka zuba shi a faifai biyu masu girma ɗaya a haɗa su RAID 1, wato duk abin da aka rubuta a ɗaya ya shiga ɗayan, da na uku na waje don kwafi, wanda ba ya kwana a shago. RAID na kare ka daga mutuwar faifai ne kawai. Abin da yaro ya goge, ya tafi a duka biyun. Ka ƙara da UPS, wato batirin ajiyar wuta, mai igiyar USB, don ya kashe sabar a tsanake in wuta ta daɗe ba ta dawo ba. A zafin Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40, kada a rufe ta cikin kabad, kuma a hure mata ƙura bayan hunturu.

Daga Marwa, wata Hajiya mai ofishin buga takardu: "Kalmar sirri na shiga daga laftof, amma a gaban sabar ta ƙi."

Hajiya, kibod ne ya fi kama da mai laifin. Naki na Faransa ne, AZERTY, ita kuwa sabar tana karanta shi a tsarin Amurka, sai A ya zama Q, M ya kauce, lambobi su rikice. Ki gwada rubuta haruffan a gurbin suna, inda ake ganinsu, ki ga abin da ke fitowa. Idan Ubuntu ce, ki shiga daga laftof ɗin ki rubuta `sudo dpkg-reconfigure keyboard-configuration`, ki zaɓi Faransanci, ki sake kunna ta.