Yadda burbushin nukiliya ke shiga jikin dabba, da iyakar da aka gindaya

Tambaya: Na ji an ce an shafe shekara 26 ana sa ido kan tumakin Birtaniya saboda hatsarin Chernobil, alhali tashar tana can Yukiren. Ta yaya wannan guba ke shiga jikin tunkiya, kuma nawa ne mutum zai iya ɗauka?

Amsa: Abin da ka ji gaskiya ne. Bayan fashewar tashar a watan Afrilun 1986, iska ta kwashi burbushin nukiliya, ruwan sama ya sauke shi a tsaunukan yankunan Wales da Cumbria na Birtaniya, kuma sai a 2012 aka ɗage takunkumi na ƙarshe.

Tushen matsalar shi ne jikin dabba yana ɗaukar wasu ƙarafa da ke cikin burbushin a matsayin abinci. Siziyom-137 ya yi kama da fotasiyom, don haka hanji yana tsotse shi ya bazu cikin tsoka da madara, shi kuwa sitirontiyom-90 sawun kalsiyom yake bi, ya tare a ƙashi. Kowannensu sai ya yi kusan shekara 30 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Abin da ya ja lamarin ya daɗe a Wales shi ne ƙasar wurin: yumɓu yana damƙe siziyom ya hana saiwa kaiwa gare shi, amma ƙasar tsaunukan mai tsami ce, ruɓaɓɓen tsiro ya fi yawa a cikinta, sai ciyawa ta yi ta zuƙo shi shekara bayan shekara. A lokacin takunkumin, tunkiyar da awonta ya haura bekerel (ma'aunin ƙarfin tururin nukiliya) 1,000 a kilo ɗaya na nama ba a yanka ta. Ana sauko da ita makiyayar kwari, cikin 'yan makonni ta fitar da mafi yawan siziyom ɗin ta fitsari da kashi.

Game da mutum, hukumar ICRP, mai ba duniya shawara kan kariya daga tururin nukiliya, ta ba da shawarar kada jama'a su wuce milisibat 1 (ma'aunin tururin da jikin mutum ya ɗauka) a shekara, ban da kimanin 2.4 da matsakaicin mutum ke samu daga ƙasa, iska da sararin sama, su kuwa ma'aikatan fannin nukiliya an yanka musu matsakaicin 20 a shekara. Kada a ɗauki waɗannan lambobi a matsayin katanga tsakanin lafiya da cuta, domin ma'auni ne na taka-tsantsan da ke la'akari da yawan abin da ake ci. Shi ya sa a 1986 Norway ta ɗaga iyakar naman barewar da al'ummar Sami, makiyayan ƙasar, ke kiwo zuwa bekerel 6,000 a kilo ɗaya, ganin cewa yawancin 'yan ƙasar kaɗan suke ci, kuma tsaurara dokar zai durƙusar da sana'ar makiyayan.