Maigida, Ko In Ninka Yis Ɗin Ne?

Da asuba yaron da ke koyon aiki a wajena ya tare ni da faranti a hannu, cike da ƙananan biredin da ya gasa da dare. Ya ce, "Maigida, awon da ka ba ni shi na bi, ban ƙara ba ban rage ba, amma dubi yadda suka fito, a tsuke, ga tauri. Ko in ninka yis ɗin ne?" Ga abin da na faɗa masa.

Kada ka ninka komai, ɗana. Miƙo ɗaya in ɓara. Ka ga cikinsa a cushe kamar tuwon da ya kwana? Ka ga gefen nan da ya tsage? Yis ɗinka bai gaza ba, kai ne ka yi masa gaggawa. Ka kai kwaɓin wuta bai gama tashi ba.

Na san za ka ce awa ɗaya na ce maka, awa ɗaya kuma ka ba shi. To, yaushe na faɗa? A Afrilu, lokacin da zafin Kano ke taɓa digiri 40. Yau muna Janairu, da dare sanyi kan sauka ƙasa da 15. Shi yis abu ne mai rai. Sukarin da ke cikin kwaɓi yake ci, ya riƙa fitar da iska, iskar ce ke kumbura biredi. In ya ji ɗumi sai ya yi ta aiki, in ya ji sanyi sai ya kwanta yana miƙa, kamar kai in na zo tashinka. Abin da ya yi cikin awa ɗaya da bazara, da hunturu sai ya nemi biyu, wani lokaci har da rabi. Don haka ka rabu da agogo, kwaɓin za ka riƙa dubawa. In ya ninka girmansa, ya yi.

In ka ninka yis zai tashi, ban musa ba. Amma za ka ji biredin yana tsami, yana wani wari kamar na giya, kuma kafin gobe ya bushe. Masu neman gajeriyar hanya ma har sinadarin buromet suke zubawa don biredi ya yi ƙato, wanda NAFDAC ta haramta saboda illarsa ga lafiya. Ba a gidan nan ba.

Awon yana nan yadda yake: fulawa kilo 1, yis giram 10, sukari giram 120, gishiri giram 18, bota giram 100, ƙwai 2, madara rabin lita. A sikeli za ka auna, don gwangwani maƙaryaci ne, yau ya cika a danne, gobe a sake. Abin da za ka sauya shi ne ɗumin madarar. Ka ɗora ta har in ka tsoma yatsa ba ka jin zafi ba ka jin sanyi, wajen digiri 37 ke nan. Kada ka ce tunda sanyi ake bari ka zafafa ta sosai. Ta kusa 60, ta kashe yis, kuma mataccen yis ko kwana za ka yi kana jira ba zai motsa ba. In kwaɓin ya yi maka ƙarfi a hannu, ƙara madara cokali biyu ko uku, fulawa kan sha ruwa da yawa a wannan iskar.

Murza kuma na ga kana ha'inci. Minti 15 da hannu, ba biyar ba. Ka tsinko ɗan kaɗan ka ja shi a hankali; in ya miƙe siriri har kana hango haske ta cikinsa bai yage ba, to zai iya riƙe iska. Sannan ka shafa masa mai, ka rufe da leda ko jiƙaƙƙen ƙyalle, don iskar hunturu tana busar da samansa ya yi ɓawo, ɓawon kuma ya hana shi tashi. Ajiye shi kusa da tanda, ba a kanta ba.

In ya tashi, ka danne iskar, ka yanka giram 50-50, za ka samu wajen 36. Ka mulmula kowane har samansa ya yi sumul, ka jera da tazarar yatsa biyu, ka sake rufewa. Nan ne ka faɗi jiya, tashi na biyu. Danna ɗaya da yatsa a hankali. In gurbin ya dawo nan take, da saura. In ya dawo sannu-sannu ya bar ɗan alama, lokacin wuta ya yi. In bai dawo ba sam, ka makara, maza ka sa kafin ya zube.

Shafa ruwan ƙwai a sama, tanda ta riga ta kai digiri 190, minti 15 zuwa 18. Da fitowa ka goga musu bota tun da zafi, kuma kada ka ƙulla a leda sai sun huce, in ba haka ba su yi gumi.

Waɗannan na jiya kuwa ba za su je kanti ba. Kai wa mai shayin bakin titi ka ce kyauta ne, in an tsoma a shayi za su ciwu. In ka dawo ka ɗora madara, ni zan tsaya a kanka yau.