Wa zan saurara don in san sabuwar damfara kafin ta iso ni?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp. Kullum sai an turo gargaɗi a guruf, kar a ɗaga kiran lamba kaza, kar a buɗe hoto kaza, har na kasa bambance na gaskiya. Wani ya ce in riƙa biyan kuɗin wata a saka ni a wani zauren Telegram mai tona asirin 'yan damfara, wani kuma ya ce in sayi manhajar tsaron waya. Wanne ya fi?
Wata 'yar kasuwa, Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Riƙe kuɗinki, ki ƙara jari. Labarin da zai tsare ki kyauta ake ba da shi, kuma ba na son ki miƙa lambarki da kuɗinki ga zauren da ba ki san mai shi ba.

Ki zaɓi majiya kaɗan waɗanda in sun yi ƙarya za a iya kama su. Kan zuba jari, hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari tana da jerin kamfanonin da ta yi wa rajista a shafinta. Mutane da yawa sun tafka asara lokacin da CBEX, wata manhajar zuba jari ta bogi, ta rushe a Afrilun 2025, alhali ba ta cikin jerin nan. Kafin ita an ga MMM, wadda ta rufe asusun jama'a a Disambar 2016, kuma salon bai sauya ba: riba mai tsoka cikin wata guda, sannan a ce ki kawo 'yan'uwanki. Kan manhajojin bashi, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ce ke fitar da sunayen waɗanda ta amince da su. Sai EFCC da bankinki, amma shafukansu na ainihi. Jita-jitar guruf kuwa, shafukan Dubawa da Africa Check aikinsu ke nan bin diddigi, kuma BBC Hausa da gidajen rediyonmu na Kano kan kawo labarin idan abu ya yi ƙamari. Minti goma ranar Juma'a bayan kin tashi daga ciniki ya ishe ki.

Saƙon da kika ga kibiya biyu a samansa, alamar an yi ta tura shi ne daga hannu zuwa hannu. Idan babu kwanan wata, babu sunan hukumar da ta faɗa, kar ki tura wa kowa.

Manhajar tsaron da za ki saya ba za ta hana abin da ya fi cin 'yan kasuwa irinki ba. Wani zai kira ki da ladabi, ya ce daga ƙungiyarku ne, za a yi taro, ki karanto masa lambobi 6 da suka shigo miki yanzu. Kina karantawa WhatsApp ɗinki ya tafi, ya fara roƙon kwastomominki kuɗi da sunanki. Na ga baiwar Allah da ta wuni tana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya tana rantsuwa ba ita ba ce, abin ya tsaya min a rai. Yau ɗin nan ki shiga saitin WhatsApp ki kunna tabbaci mai mataki biyu, ki sa lambar sirrin da ke kaɗai kika sani. Kuma kar ki saki kaya saboda alat na tes ko hoton rasit, sai kin buɗe manhajar bankinki kin ga kuɗin sun zauna.

Tambaya: Na ga mai sayar da waya a Instagram da shuɗin maki a gefen sunansa. In tura masa kuɗi?
Wani ɗalibi, Zariya

Amsa: Ɗan'uwa, dakata tukuna. Tun 2023 kamfanin Meta, mai Instagram, ke sayar da makin nan ga mai biyan kuɗin wata, don haka ba ya nuna mutum zai cika alkawari. Ka nemi adireshin shagonsa, ka tura wanda ka yarda da shi ya riƙe wayar a hannu ya kunna ta. In ya ƙi, ka hau mota zuwa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ka saya ido da ido.