Ku Tambayi Hajiya: Masu Kwana Ƙarƙashin Gada, Da Numfashin Ɗan Shekara Arba'in Da Tara

Wasiƙu biyu na ɗauko a wannan watan. Ta farko ta daɗe a cikin jakata ina juya ta, domin abin da mai ita ta tambaya ni ma na taɓa tambayar kaina.

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Mu goma sha huɗu ne a ajinmu na Islamiyyar matan aure a Idi-Araba, Legas. Duk Juma'a muna haɗa kuɗi mu dafa shinkafa da wake mu kai wa masu kwana ƙarƙashin gadar Ojuelegba. Yau shekara biyu ke nan. Maigidana ya ce ɗaure wa bara gindi muke yi, kuma da yawansu ba Musulmi ba ne. Ni kuma gwiwata ta fara sanyi, don fuskokin da muka tarar su ne har yau. Mu ci gaba ko mu bari? Kuma ya halatta mu sa zakkarmu a ciki?
Daga wata ƙanwarki, Idi-Araba.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya saka muku da alheri, ya sa ku tarar a mizani. Kada ku bari. Amma akwai gyara, kuma maigidanki ya hango wani ɓangare na gaskiya, don haka kada ki ɗauki maganarsa da zafi.

Maganar addininsu mai sauƙi ce. A Suratul Insan, aya ta 8, Allah ya yabi masu ciyar da miskini da maraya da kamamme, kuma malaman tafsiri sun yi bayanin cewa kamammun wancan lokaci ba Musulmi ba ne. Sadakar abinci ba a tambayar mai cinta salla. Zakkar farilla ce ke da iyakoki: kashi takwas da aka jera a Suratut Tauba, aya ta 60, kuma mafi yawan malamai sun tafi a kan talakawan Musulmi ake ba wa. Saboda haka ku raba asusu biyu, na sadaka daban, na zakka daban, malaminku ya duba muku na biyun. Ki lura da kashi na ƙarshe a ayar, wato matafiyin da guzuri ya yanke masa. Wallahi Legas cike take da su. Yaron da ya hau bayan tirelar shanu daga Arewa ya sauka a Agege ba shi da kowa, ba ya da kuɗin komawa, shi ne wannan.

Mutane suna mantawa cewa a masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai rumfar da marasa gida suke kwana, su ne Ahlus Suffa, kuma Abu Huraira yana cikinsu. Ba abinci kaɗai suka samu a wurin ba. An san sunayensu, an koyar da su, sahabbai suna ɗaukarsu zuwa gida cin abinci, har da yawansu suka tsaya da ƙafafunsu. Nan ne nake ganin mu masu tukunyar Juma'a muke gazawa.

Ni ma muna da irin wannan tukunya a Agege, kusa da layin dogo. Wata takwas ina miƙa wa wani saurayi abinci, ban taɓa tambayarsa sunansa ba. Ran nan ruwan sama ya tsare mu a rumfa ɗaya, sai hira ta shiga. Ashe ɗan acaba ne. An kama babur ɗinsa bayan dokar hana acaba ta watan Yunin 2022, wadda ta shafi Ikeja da Surulere da Apapa da wasu ƙananan hukumomi, babur ɗin kuma na bashi ne. Ɗakin da suke kwana su bakwai aka ce kowa ya kawo kasonsa na haya, ba shi da shi, ya fita. Kunya ta hana shi kiran gida, yana jin tsoron a ce ya tafi ci-rani ya dawo hannu rabbana. Abin da ya ce mini bai bar zuciyata ba: «Hajiya, da zan sami baro, da kin daina ganina a nan.» Baro ɗaya. Muka saya masa da kuɗin da bai kai na girkin Juma'a biyu ba, wani dattijo a kasuwar Mile 12 ya tsaya masa ya shiga dako. Wata takwas muka ɓata masa saboda babu wadda ta zauna ta saurare shi.

To shawarata ta farko ke nan: ku sayi littafi. A cikinku a ware mutum biyu waɗanda ranar Juma'a ba za su taɓa ludayi ba, aikinsu zama da tambaya. Sunanka? Daga ina? Me ya fito da kai? Wace sana'a ka iya? Za ku ga waɗanda kuke ɗauka iri ɗaya ne, kowa da abin da ya kawo shi. Akwai wanda haya ta kora, don a garin nan sai ka ajiye kuɗin shekara guda, ga na dillali, ga na takardar yarjejeniya. Akwai waɗanda aka rushe musu unguwa, kamar mutanen Otodo Gbame na bakin ruwa a 2016 da 2017. Akwai mai taɓin hankali, wanda magani yake buƙata fiye da shinkafa, kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan Yaba, ba nisa da ku. Akwai wanda ƙwaya ta kama. Akwai kuma wanda bara ta zame masa sana'a, irin wanda maigidanki yake nufi. Shi ma ku ba shi abinci, amma jarinku ku kai shi inda zai yi tsiro.

Ku rage yawan kwanon da kuke rabawa idan ta kama, ku ware kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ku tara. Duk wata biyu ku fitar da mutum ɗaya: wannan kuɗin mota zuwa garinsu bayan kun yi magana da danginsa ta waya, wancan akwatin gyaran takalmi, wancan kurar ruwa da jarkoki, waccan tiren talla da ɗan jari. Mace mai goyo ku sa ta a gaba, don daren titi ya fi yi mata haɗari. Kuma kayan sana'a ku saya da hannunku. Mu mun taɓa ba wani dillali kuɗin ɗaki na shekara domin wata mata da 'ya'yanta uku, ba mu je mun ga mai gidan ba, ya ɓace da kuɗin. Har yau idan na tuna fuskar matar nan ranar da muka gaya mata, raina yana ɓaci. Tun daga nan ba ma biya sai mun ga ɗaki, mun ga mai gida, an ba mu rasit.

Akwai ƙananan abubuwan da mai gida ba ya tunawa da su. Wurin wanka. Wurin ajiye kaya ba tare da an sace ba. Sabulu, audugar mata, gidan sauro, ledar shimfiɗa kafin ruwan Yuni da Yuli ya sauko. Mutumin da bai yi wanka ba kwana biyar babu mai ɗaukarsa aiki. Ku roƙi kwamitin masallacinku su buɗe banɗaki awa ɗaya bayan hantsi, wannan kaɗai aiki ne babba.

Kada ku ɗauki nauyin ku kaɗai. Fadar Sarkin Hausawa ta unguwarku ta san direbobin da ke komawa Arewa, kuma ta san yadda ake gano dangi. Gidauniyar Zakat and Sadaqat da hukumar zakka ta ƙungiyar Musulmi ta NASFAT suna karɓar buƙatun jari da na magani. Idan kun tarar da matan coci suna raba abinci a gadar, ku gaisa ku raba ranaku, don kada a taru rana ɗaya a bar sauran kwana shida. Ku riƙa zuwa da rana, da namiji ko biyu. Ina ganin mafi dacewa da wannan rakiya shi ne maigidanki. Ki roƙe shi ya riƙe littafin Juma'a ɗaya kawai.

Abu ɗaya nake roƙonku da girman Allah: kada ku ɗauki hotonsu ku sa a Facebook. Suna da iyaye a gida waɗanda suke zaton ɗansu yana aiki a Ikko. Suratul Baƙara, aya ta 264, ta gargaɗe mu kan ɓata sadaka da gori da cutarwa.

Tambaya: Hajiya barka da aiki. Ni ɗan kasuwar albasa ne a Mile 12, shekarata 49. Da ni ke sauke buhu, yanzu yara ke yi ina zaune. Tumbi ya fito, idan na hau gadar masu tafiya a ƙafa ta Ketu sai na tsaya hutawa a tsakiya. Gwiwa ma tana ciwo. Gidan motsa jiki tsada, kuma ina jin nauyin a gan ni ina gudu da gajeren wando. An kawo mini wani maganin gargajiya na rage tumbi, in sha?
Daga ɗan'uwanki, Mile 12.

Amsa: Alhaji, kada ka sha. Na yi shekaru ina aikin jinya, na ga ƙodar da irin waɗannan haɗe-haɗen da ba a san abin da ke ciki ba suka lalata. Haka ma ƙwayoyin kashe ciwo da ake haɗiya kullum saboda gwiwa, suna cin ciki suna taɓa ƙoda.

Kafin komai, a makon nan ka je a auna maka jini da sukari. Hawan jini ba ya sallama, mutum yana jin garau alhali ya haura 140 bisa 90. Ka gaya wa likita maganar numfashin nan. Idan kuma ka taɓa jin ƙirji ya danne ka, ko jiri, ko ciwo yana sauka hannun hagu lokacin da kake hawa, to ranar za ka je, ba sai gobe ba.

Idan likita ya ce babu matsala, ba gudu nake so ka yi ba, tafiya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, wato rabin awa sau biyar. Ka fara da minti goma bayan sallar asuba, kafin hayaƙin motoci ya tashi, kana ƙara biyar duk mako. Saurin da ake so shi ne wanda za ka iya amsa gaisuwa amma ba za ka iya jan doguwar hira ba. Rigarka da wandonka sun isa, takalmi mai taushin ƙasa kaɗai za ka saya, ka ajiye silifa. Da yamma ka sauka daga mota tasha ɗaya kafin taku. Batun jin nauyi kuwa, ka leƙa babban filin wasa na Surulere da safiyar Asabar, za ka ga sa'o'in babanka suna zagaye. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, ba sau ɗaya ba.

Gwiwarka tana kuka ne saboda nauyi ya ƙaru, naman cinya kuma ya saki tun da ka daina ɗaukar buhu. Sau biyu a mako, ka zauna a benci ka miƙe ba tare da dafa komai ba, sau goma, ka huta, ka sake. Ka dafa bango ka tura jikinka sau goma. Kada ka koma wa buhun albasa da sunan motsa jiki, bayanka ba na ɗan ashirin ba ne.

Sai abin da ke shiga baki, kuma na san cin 'yan kasuwa. Shayi mai kauri da madara da sukari cokali huɗu, burodin Agege rabi, lemon kwalba biyu saboda zafin rana, malmalar tuwo uku da tsire ƙarfe goma na dare. Lemon kwalba za ka fara yankewa, ka ajiye gorar ruwa kusa da kai. Sukarin shayi ya koma cokali ɗaya. Tuwo malmala ɗaya da miya mai yawan ganye, kuma a ci kafin isha. Ka roƙi uwargida ta rage gishiri da dunƙule, domin gishirin da ya dace da mutum a yini bai kai giram 5 ba, kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen. Kai da ke zaune tsakiyar tumatir da kabeji da karas, kayan lambu ba za su gagare ka ba.

Ka samo igiya ka auna tsawonka, ka ninka ta biyu, ka zagaya ta a cikinka daidai saitin cibiya. Idan bakin igiyar bai haɗu ba, akwai aiki. Ka rataye ta a shago, ka riƙa gwadawa farkon kowane wata. Bayan wata uku ka rubuto mini abin da awon jininka ya nuna, da ko har yanzu kana tsayawa a tsakiyar gadar Ketu.