Tun Kullen Korona Gidanmu Ya Yi Mini Kaɗan

Tambaya: Anti, barka da aiki. Ciki da falo muke haya a Kurna, ni da maigida da yara huɗu. Da ban taɓa ganin ƙanƙantarsa ba, sai da aka yi kullen korona. Tun daga nan gidan ya fita daga raina. Na ce mu nemi babba, maigida ya ce rashin godiyar Allah ce. Haka ne?
Maman 'yan biyu, Kano

Amsa: Ƙanwata, ba rashin godiya ba ce. Tuna lokacin da abin ya faɗo. An kulle Kano a watan Afrilun 2020, ana tsakiyar zafi, ga azumi ya kama. Makarantu a rufe, kasuwa a rufe, har Juma'a an dakatar.

Mu a nan, rabin gidan mutum a waje yake. Maigida yana da kasuwa da masallaci da majalisar ƙofar gida. Yara suna da boko da Islamiyya da layi. Ke kina da gidan maƙwabta da biki da suna. Da aka toshe waɗannan, sai mutum shida suka dawo kan ɗakin da aka saba kwana kawai a cikinsa.

Ni ma na ɗanɗana. Ɗakuna uku gare mu, amma na sha ɗaukar sallaya in shiga kicin, in zauna kusa da buhun shinkafa, don kawai in yi lazimi ba wanda ya taka mini ƙafa. Ashe ba faɗi nake nema ba, ƙofar da zan rufe nake nema.

To ki zauna ki tantance abin da ya fi ci miki rai. In zafi ne, a roƙi mai gidan haya a faɗaɗa taga, a kafa rumfa a tsakar gida. In kaya ne, kujerun nan da suka cinye falo a rage su. Amma in yara sun tasa, maza da mata ɗaki guda, wannan dalili ne mai ƙarfi, domin addini ma ya ce a raba musu makwanci in sun kai shekara 10. Da wannan za ki tunkari maigida, bayan ya ci ya huta, ba a gaban yara ba.

Kafin ku ɗauki gida mai arha a bayan gari, ku lissafa kuɗin Adaidaita Sahu zuwa makaranta da kasuwa, ku kuma tambayi maƙwabtan can yadda ruwa yake a watan Afrilu.