Maganin Kerala ba a aiko shi a leda

Yaya, tambaya biyu ka haɗa mini a saƙo ɗaya: in aiko maka da maganin Indiya na ciwon gwiwa da zai yi aiki kafin azumi, sannan ko mu da muka daɗe a nan, muna shan maganin masu bautar gumaka, har yanzu Hausawa ne. Ta biyun ta fi sosa mini rai, amma bari in fara da gwiwa.

Likitan Ayurbeda, wato maganin gargajiyar Indiya, a nan jihar Kerala ta kudancin ƙasar sai ya yi shekara biyar da rabi yana karatu kafin a ba shi takarda, kuma ba ya rubuta wa wanda bai gani ba. Sai ya riƙe jijiyar hannunka, ya duba harshe, ya tambayi barcinka da cimarka, har yadda kake zagayawa. Mai ciwon gaɓoɓi irinka kwantar da shi ake yi, sati biyu, uku, wani har huɗu. Kullum tausa da mai mai ɗumi. Akwai wata shinkafa da suke kira njavara, a dafa ta da madara da ruwan saiwa, a ƙulle a farin ƙyalle, masu tausa su yi ta danna ta a jiki, in ta huce su mayar a ɗumama. Safe da yamma kuma kashayam, dafaffen ruwan saiwoyi mai ɗacin gaske. In an sallame ka ba a gama ba, sai makonnin kiyayewa: ban da tsami, ban da ruwan sanyi, ban da barcin rana da doguwar tafiya.

Nan mutanenmu masu zuwa daga gida ke ba mu kunya. Mutum zai zo da tikitin kwana goma, ya yi rabi, ya nemi soyayyen nama a ɓoye, ya koma Kano yana cewa maganin ba ya ci. Ciwon da ya shekara ashirin yana shiga jiki yake so ya fita a mako. Su kuwa mutanen nan har wata suka ware wa gyaran jiki, Karkidakam, daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Agusta, lokacin da damina ta kankama, gidaje da yawa suna dama kunun magani.

Batun gumaka kuma, babbar cibiyar maganin nan ta Kottakkal, wadda aka kafa a 1902, tana gundumar Malappuram ne, inda Musulmi suka fi yawa. Mappila ake ce musu, Shafi'awa ne, kuma Musulunci ya daɗe ƙwarai a gaɓar tekun nan. Malamansu ma suna zuwa a yi musu tausa. Abin da muke kiyayewa shi ne arishtam, jiƙon da ke tsima har ya yi barasa. Ka faɗa wa likita, ya canja maka.

Na san maganar da ke ƙarƙashin tambayarka aurena ce. Matata Bamappila ce, da waliyyi da sadaki da shaidu aka ɗaura. Da ta haifi ɗanmu na fari, gidansu ta koma, kwana arba'in ana shafe ta da mai, ana yi mata wanka da ruwan zafi da aka dafa da ganye. Da na kwatanta wa Inna, Allah Ya jiƙanta, cewa ta yi: "To ai jego ne, sai dai ba su da kunun kanwa." Tun daga ranar ta daina ce mata baƙuwa. Yaran sun fi sakin baki da Malayalam, yaren mutanen nan, wannan gaskiya ne, kuma yana damuna. Amma suna durƙusawa su gaida manya, kuma miyar kuka ba ta yankewa a gidana muddin wani ya zo daga gida. Ku ne dai ba kwa kiransu ku ji Hausar tasu.

In da gaske kake, ka bari sai bayan Sallah, ka ware wata guda cur, ka taho da hoton gwiwar da takardun asibiti. In ƙashin ya cinye har sai an yi aiki, wajen likitan ƙashi zan fara kai ka, don mutanen nan ma haka suke yi. Ɗaki yana nan.